Ƙashi Rayayye Ne: Karaya, Ɗori da Nisan Asibiti a Ƙasar Gure

Duk mai son ya san yadda ƙashinsa yake, ya leƙa rumfar mahauta a kasuwar Gure da hantsi, ya tsaya ya kalli yadda ake saran ƙafar sa. Daga waje akwai wani siririn tantani mai jini-jini da ya manne wa ƙashin. Ƙarƙashinsa ɓawo ne fari mai tauri, wanda sai da gatari. Can wajen kawunan ƙashin kuma abin ya koma saƙa-saƙa, ƙananan ramuka birjik, ja wur. A tsakiya ga ɓargo. In mahaucin ya raba gwiwa biyu, za a ga farin guringuntsi yana sheƙi a kan ƙashin, da wani ruwa mai yauƙi yana bin yatsa. Abin da ke jikin san nan shi ke jikin mai sayen naman, girma da siffa ne kawai suka bambanta.

Amma yawancinmu ƙashin da muka sani shi ne wanda ya bushe a juji, shi ya sa muke ɗaukarsa abu ne matacce wanda ba ya ci ba ya sha. Wannan zato yana jawo asara a ƙasa irin ta Gure. Gure tsohon babban birnin Muniyo ne, inda Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya yada zango a 1852, kuma har yau Mangawa da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa da ƙarfin jikinsu suke neman abinci. Wani yana kan raƙumi, wani yana saman dabino a kwari, wani yana bakin rijiya mai zurfi da guga, matasa kuma suna keta rairayi a kan babur. Daga Gure zuwa Damagaram, inda babban asibitin ƙasa yake, kusan kilomita 170 ne a kan kwalta. Wanda ya karye a wani ƙauye wajen duwatsun Kutus ko kan hanyar Tasker, kafin ma ya ga kwaltar aiki ne. Don haka hannun da ya fara taɓa karayarsa kusan kullum na maɗori ne.

Abin da ke cikin jiki

Babban mutum ƙasusuwa 206 gare shi. Jariri kuwa da fiye da 270 ake haihuwarsa, domin da yawa gutsi-gutsi suke zuwa, guringuntsi ya haɗa su, sai a hankali su manne su zama ɗaya. Kowace uwa ta san wannan ko ba a karanta mata ba, tunda ta taɓa maɗigar ɗanta ta ji tana motsi. Maɗiga wuri ne da ƙasusuwan ƙoƙon kai ba su gama haɗuwa ba. Ita ke ba kan jariri damar matsewa ya bi ta ƙugun uwa, ta kuma bar wa ƙwaƙwalwa filin girma, kuma takan rufe tsakanin shekara ɗaya da biyu. In ta faɗa ciki ga yaro mai zawo ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Ruwan gishiri da sukari yake buƙata da hanyar asibiti, shafe-shafe a ka ba ya ɗago ta.

Fiye da rabin ƙasusuwan nan a hannu da ƙafa suke: 27 a kowane hannu daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, 26 a kowace ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa, 106 ke nan. Haƙarƙari 12 ne kowane gefe, ga namiji da mace duka. Ƙashin baya jeri ne na ƙananan ƙasusuwa 33, na can ƙasa sun manne da juna, bakwai na sama su ne wuya. Raƙumi duk tsawon wuyansa bakwai ɗin nan ne gare shi, haka ma raƙumin dawa na Kure, nasu dai dogaye ne. Mafi tsawo a jikin mutum shi ne na cinya, mafi ƙanƙanta kuma yana can cikin kunne, tsawonsa kusan milimita 3, kuma ba don shi ba da ba mu ji kiran salla ba.

Kaso biyu cikin uku na ƙashi ma'adinai ne, kalsiyam da fosfaras, su ke ba shi tauri. Sauran wani zare ne mai danƙo da ake kira kolajin, shi ke hana shi tsinkewa da an ɗan tanƙwara shi. Shi ya sa ƙashin da ya kwana a murhu yake marmashewa a hannu: wuta ta cinye zaren, ta bar gari. Kaso 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙori yake. Ɗan ragowar da ke yawo a jini shi zuciya da tsoka ke aiki da shi, kuma jiki ba ya yarda ya ragu. In abinci bai kawo ba, daga ƙashi ake ciro shi. Ɓargo kuma nan ne masaƙar jini: jan ɓargon da ke ƙugu da haƙarƙari da ƙashin baya da na ƙirji yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙashi ba ya daina ginuwa. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu a cikinsa, marusa da magina. Marusa suna bi suna kankare wurin da ya tsufa ko ya tsage, magina suna biye da su suna cikewa, yadda mai gidan ƙasa yake kankare tsohon yaɓe ya sa sabo kafin damina. Kusan kaso 10 cikin 100 ake sauyawa kowace shekara, don haka a cikin shekara goma mutum ya kusa sake kwarangwal ɗinsa gaba ɗaya. Kuma magina inda nauyi ke sauka nan suke ƙara kauri. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1892. Ƴan sama jannati da ke zama inda babu nauyi sukan rasa kusan kaso 1 cikin 100 na ƙarfin ƙashin ƙugu da ƙafa kowane wata. A ɗaya gefen kuma, a Gobero cikin hamadar Tenere, inda ayarin Paul Sereno ya gano tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, an tarar da kwarangwal na mutanen da suka zauna bakin wani tafki fiye da shekara 8,000 da suka wuce, dogaye, da tudu-tudu a ƙashin cinyarsu inda manyan tsokoki suka kama. Noma da daka da tafiyar ƙasa suna gina ƙashi, doguwar kwanciya tana zaizaye shi.

Ginin yakan kai ƙololuwa wajen shekara 30, daga nan marusa su fara rinjaye a hankali. Ga mata abin yakan yi sauri bayan ɗaukewar al'ada. Shi ya sa tsohuwa za ta zame a makewayi, faɗuwar da jikanta zai tashi ya kaɗe riga, ita kuwa ƙugu ko wuyan hannu ya tafi.

Ƙashin yaro

Yaro ba daga tsakiyar ƙashi yake tsawo ba. Kusa da kowane kai na dogon ƙashi akwai faifan guringuntsi, nan ake ƙara tsawo har faifan ya rufe, ga ƴan mata wajen shekara 14 zuwa 16, ga samari bayan haka da kamar shekara biyu. Karayar da ta ratsa faifan nan, in ba a daidaita ta ba, takan bar ƙafa ɗaya gajera ko karkatacciya, kuma ba a ganin ɓarnar sai bayan shekaru. Ƙugun yarinya ma yakan ci gaba da buɗewa bayan ta fara al'ada. Doguwar naƙudar da ke kai ƴan mata ga yoyon fitsari, sau da yawa kan jariri ne ya tarar da ƙugun da bai gama girma ba.

An daɗe ana koyar da cewa gwame da bakan ƙafa na yara ciwon ƙasashen da ba su da rana ne, tunda hasken rana ke sa fata ta samar da bitamin D, wanda ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam. To ina mu ina rashin rana? Binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran can kalsiyam ɗin ne bai ishe su a abinci ba, abin da suke samu kusan miligiram 200 ne kacal a yini, kuma da aka ba su shi ƙafafun suka miƙe. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Gero da dawa ba su da kalsiyam mai yawa, kuma akwai wani sinadari a dusarsu da ke riƙe ɗan wanda ke akwai. Abin da ke ceton yaron Gure shi ne nonon da ke cikin furarsa, da miyar kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake daka su da ƙayarsu. Da bazara, lokacin da shanu suka yi nisa nono ya yi tsada, ana dama fura da ruwa zalla, ƙashin yaron da aka yaye shi ke biyan bashin.

Ruwan sha ma yana shiga ƙashi. Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga haka da idonsu. Rijiyar burtsatsen da aka fara shayar da garin da ita a 1985 ruwanta na ɗauke da sinadarin fuloraid ninki uku zuwa huɗu na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Shekara da shekaru yara suna sha. Haƙora suka yi ja suka zaizaye, ƙafafu suka lanƙwashe, ɗaruruwa suka nakasa, dubbai abin ya taɓa su, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kai a 2002. Ruwan garau yake a ido, ba wari ba ɗaci. Duk inda aka haƙa sabuwar rijiya mai zurfi, haƙƙin jama'a ne su tambaya ko an auna ruwan.

Sai amosanin jini, wato sikila. A Nijar, mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da irin ciwon ba tare da ya sani ba, kuma in biyu irin haka suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ciwon na jini ne, amma a ƙashi yake kuka, domin lanƙwasassun ƙwayoyin jinin suna toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin ɓargo. Jariri ya kumbura hannu da ƙafa, babba ya kwana yana murƙususu, wani kuma kan ƙashin cinyarsa ya mutu a cikin ƙugu ya fara ɗingishi yana saurayi. Akwai cibiyar ƙasa ta wannan ciwo a Yamai, kuma gwajin jini kafin aure ba ya ɗaukar yini guda. Haka nan yaro ko babba da bayansa ya fara doro a wuri ɗaya, ga rama ga zufar dare, a nemi tarin fuka: yakan ci ƙashin baya, kuma yana jin magani in an kama shi kafin ƙafafu su mutu.

Inda ƙashi ya haɗu da ƙashi

Gaɓoɓi ba iri ɗaya ba ne. Na ƙoƙon kai ba sa motsi sam. Na ƙashin baya kaɗan-kaɗan suke motsawa, da faifai mai taushi tsakanin kowane biyu. Gwiwa da gwiwar hannu naɗewa da miƙewa suke yi. Kafaɗa da ƙugu kuwa dunƙulallen kai ne a cikin gurbi, suna juyawa ko'ina. Gurbin ƙugu mai zurfi ne, shi ya sa da wuya ya goce. Na kafaɗa ɗan fage ne, shi ya ba ɗan kokawa damar kai hannu inda ya so, shi ne kuma ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa gocewa.

Jijiyoyi masu tauri ne ke ɗaure ƙashi da ƙashi. In suka miƙe fiye da kima ko suka yage, an yi targaɗe. In kan ƙashi ya bar gurbinsa, gocewa ce. Ido da hannu ba koyaushe suke raba waɗannan da karaya ba, musamman a idon sawu da gwiwar hannun yaro, sai hoton ƙashi.

Guringuntsin da ya lulluɓe kawunan ƙashi ba shi da hanyar jini ko ɗaya. Daga ruwan gaɓa yake ci, kuma sai an motsa gaɓar ruwan ke shiga yana fita. Abu biyu ke biyo bayan wannan. Gaɓar da aka ɗaure ta daɗe takan sandare. Guringuntsin da ya zaizaye kuma ba ya tsirowa, ga shi kowane taku gwiwa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum. Wannan zaizayewa ita ce yawancin abin da tsofaffi ke kira sanyin ƙashi, wanda ke sa dattijo ya koma salla a zaune. Ƙwayoyin da ake tallarsu a tire ranar kasuwa suna kwantar da zafin, amma masu shan su kullum ba su san wasu na cin ciki da ƙoda ba, irin su dekisametazon kuma ƙashin kansa suke rarakewa. Gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi ga yaro mai zazzaɓi, har ya ƙi a taɓa ta, wannan ba sanyi ba ne. Mai yiwuwa mugunya ce a ciki, kuma cikin ƴan kwanaki take cinye guringuntsin.

Wa ke haɗa karaya?

Da ƙashi ya karye, jini ke fara taruwa a wurin ya daskare. Cikin mako biyu zuwa uku wannan gudan jini ya zama wani danƙo mai haɗa bakin biyu. Daga nan magina su zuba masa ma'adini ya yi tauri, abin da kan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu ga babba, ƙasa da haka ga yaro. Wannan shi ne ƙullutun da ake ji a wurin tsohuwar karaya, kuma marusa za su yi watanni ko shekaru suna sassaƙe shi. Duk wannan aiki jiki ne ke yin sa da ikon Allah. Maɗori da likita abu biyu kawai suke yi: su daidaita bakin ƙashin, su hana shi motsi. Na uku, wanda babu mai iya ba da shi amma kowa na iya hana shi, shi ne jini ya ci gaba da zuwa.

Ban yarda da masu raina ɗori ba. Sana'a ce ta gado, maɗori yana kusa, ya san gidan majinyaci, yana karɓar abin da aka samu, kuma karaya da yawa da ba su huda fata ba, ba su kauce sosai ba, suna warkewa lafiya lau a hannunsa. Aikin ƙashi na asibiti ma yana da jinin maɗora. Hugh Owen Thomas na ƙasar Birtaniya ɗan gidan maɗora ne kaka da kakanni, kuma ƙarfen ɗaurin cinya da ya ƙirƙiro, da aka raba wa sojoji tun daga 1916 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rage mutuwar masu karayar cinya daga kusan 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Abin da asibiti ya fi maɗori da shi sananne ne: hoton ƙashi da Röntgen ya gano a 1895, allurar kashe zafi da ta barci, maganin ƙwayoyin cuta, ƙarin jini, da ƙarfen da ake zurawa cikin ɓargo.

Inda ake asarar hannu shi ne wajen ɗauri. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Tsokar hannu da ta ƙwauri kuma a cikin wani tantani take wanda ba ya buɗewa. In aka jera karare aka zagaye hannun, aka tamke da tsumma tam tun ranar farko, kumburin ba shi da wajen zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwa cikin kamar awa shida. In an yi sa'a yatsu su ƙanƙance su ƙage har abada. In ba a yi ba hannun ya yi baƙi ya ruɓe, a ƙare da yankewa don a ceci rai. Yaran da suka faɗo daga bisa itace suka karye daidai saman gwiwar hannu su suka fi shiga wannan haɗari, don babbar hanyar jini a jikin ƙashin take bi. Abin takaici, yaron yana faɗa. Yana kuka yana cewa a kwance, manya suna cewa ya yi haƙuri, ɗori ya gaji zafi. Zafin ɗorin kirki raguwa yake yi. Wanda ke ƙaruwa, wanda ke tsananta in an miƙe yatsu, ga yatsun sun kumbura sun yi sanyi ko sun daina ji, wannan ba a kwana da shi. A kwance ɗaurin nan take, ko da tsakar dare ne, ko maɗorin ba ya nan, a kama hanya.

Akwai kuma karayar da tun farko ba ta ɗori ba ce. Wadda ƙashi ya huda fata, ko da ƙaramin rami ne, ƙasa da ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga ɓargo. A rufe da tsumma mai tsabta, kada a tura magani a ciki, a nemi wanki da allurar rigakafin ciwon sandarewar jiki a asibiti a ranar. Karayar cinya takan zubar da jini lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin naman ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Wanda ya faɗo daga raƙumi ko dabino yana kukan wuya ko baya, ba a zaunar da shi ba a goya shi a babur, a kan ƙyaure ko allo ake kwantar da shi a ɗauka. Haka karayar da ta shiga cikin gaɓa, da ta ƙugun tsoho. Asibitin gundumar Gure shi ne matakin farko, daga nan Damagaram. Masu hali sukan wuce asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa kuma akan kai su asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010.

Hana ɗori ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne maslaha ba a ƙasar da likitan ƙashi ke da nisan yini. An gwada wata hanya a Arba Minc, kudancin Habasha. Likitan asibitin garin ya tara maɗoran yankin fiye da ɗari, ya yi musu bita ta yini guda a kan sassauta ɗauri da gane alamun haɗari. A shekara biyu kafin bitar an yanke gaɓoɓi 25 saboda matsattsen ɗauri, a shekara biyu bayanta 7, kamar yadda ya wallafa a 2005. Irin wannan zama a Gure ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura. Sarakunan gargajiya sun san maɗoran ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya, daga Bune zuwa Kelle, kuma in suka kira za a zo. Abin da za a tattauna kaɗan ne: a sa auduga ko tsumma mai laushi ƙarƙashin kara, a bar yatsu a waje inda za a gan su, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a dawo a duba ɗaurin kafin dare da kuma washegari, kuma kowane maɗori ya tafi da lambar wayar ma'aikacin lafiya mafi kusa da ƙauyensa.